Sabo ake yi wa kuka: yadda nake koya wa Duna zama shi kaɗai

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Duna karen Kawu ne. Shekara shida suna tare a ƙauyenmu ta wajen Mashi, gona tare, farauta tare. In Kawu ya shiga masallaci, Duna ya kwanta gindin dalbejiya har a sallame. Da Allah Ya yi wa Kawu rasuwa a watan Nuwamba, sai aka fara zancen sayar da shi ga masu bin ƙauyuka suna sayen karnuka, irin waɗanda ake lodawa zuwa kasuwar Dawaki ta Jihar Filato. Inna ta kira ni ta ce, "Ka zo ka ɗauke shi, ba zan iya gani ba." Ni kuma ina da raguna huɗu a turke a gidana nan Katsina, bayan gari ta hanyar Dutsinma, wurin da ɓarayin dabbobi ba sa raga wa kowa. Tsakiyar Disamba na ɗauko shi.

Mako biyun farko lafiya lau, don hutu ake yi, gida cike da mutane. Shekaranjiya Alhamis muka tafi biki Kankiya gaba ɗayanmu, muka yi awa biyar. Muna dawowa na ga rami a ƙarƙashin get wanda hannuna ke shiga har gwiwa. Fentin get ɗin daga ciki duk ya kankare, dasashin Duna na jini, ƙirjinsa jiƙe sharkaf da yawu. Tuwon da na bar masa a kasko ko shinshinawa bai yi ba. Raina ya ɓaci na daka masa tsawa, har na ɗaga sanda. Ya kwanta ya manne da ƙasa yana rawar jiki, abin nan ya tsaya mini a rai har yau.

Da magariba maƙwabcina ya yi sallama da ni. Ya ce tun fitarmu karen ke kuka, irin dogon kukan nan da mutane ke camfawa da mutuwa, ga mahaifiyarsa kwance ba lafiya. Ya kuma ce ya leƙa ta katanga ya ga yawu na zuba, yana tsoron kada haukan kare ne. Na ba shi haƙuri. Jibi Litinin ni da maman yara za mu koma koyarwa, yara su koma makaranta, gida zai zama ba kowa daga bakwai da rabi zuwa biyu na rana.

Talata, 7 ga Janairu

Jiya na jingina tsohuwar wayata a kan taga ta ɗauki bidiyon tsakar gida. Da dare na zauna na kalla.

Tun kafin in fita abin ke farawa. Ina sa hula ya miƙe. Ina ɗaukar makullin mashin ya fara haki, alhali sanyin hunturu ake yi har haƙora na haɗuwa. Get na rufewa, ba a yi minti ɗaya ba ya fara kai da komo tsakanin get da ƙofar falo. A minti na uku kuka ya fara. Daga nan sai tono, sai cizon ƙarfen get, ya huta kaɗan a tsaye, ya sake. Wayar ta mutu bayan minti hamsin, kuma a cikin hamsin ɗin bai zauna ba ko sau ɗaya. Ragunan suna nan kusa da shi suna tuƙa, amma ko kallonsu bai yi ba. Wani mai tallan ruwa ya wuce ta ƙofar gida bai ma yi masa haushi ba, shi da ke jin motsin baƙo tun daga kwanar layi.

Wanda ya ga bidiyon nan ba zai ce masa iskanci ko ƙeta ba. Tsoro ne tsagwaronsa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na kai shi wajen likitan dabbobin da ke duba mini raguna, na nuna masa bidiyon. Maganar haukan kare ya fara kashewa. Ya ce karen da ciwon ya bayyana a jikinsa ba ya warkewa da rana ya dawo da safe, kuma da wuya ya wuce kwana goma bai mutu ba. Duna kuwa da zarar ya ga mutum sai ya koma daidai, ya ci, ya sha. Duk da haka ya yi masa allurar riga-kafi, tunda ba a taɓa yi masa ba, ya ce a riƙa maimaitawa duk shekara. Na karɓi katin na kai wa maƙwabcina ya gani da idonsa.

Ya ce abin da ke damun Duna sananne ne a wajensu, firgicin kaɗaici, kuma ya fi kama karen da ya rasa mai shi ko aka sauya masa gida. Duna ya haɗa biyun. Ni ma da na yi tunani, a gidan Kawu ba a taɓa yin shiru ba: ga daka, ga yara, ga tsofaffi a zaure. Sai ga shi cikin katanga mai bulo goma sha biyu da get na ƙarfe, gidan da ko ƙarar turmi babu.

Sharuɗɗa ya kafa mini. Ba duka, ba tsawa, domin in na dawo na hukunta shi ba zai danganta dukan da ramin da ya tona da safe ba, sai dai ya ƙara masa tsoron dawowata a kan tsoron fitata. Ba ɗaurewa da sarƙa in ba kowa, don kare mai firgici yana iya shaƙe kansa. Na tambaye shi ko in samo masa ɗan kwikwiyo su riƙa ɗebe wa juna kewa, ya ce sau da yawa ba ya magani, mutum yake nema. Maganin shi ne in riƙa fita na ɗan lokacin da zai iya jurewa, in dawo kafin ya firgita, ina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sharaɗi mafi wuya: har a gama, kada a bar shi shi kaɗai fiye da abin da ya koya. Duk ranar da aka bar shi ya firgita, aikin mako guda na iya rushewa.

Allura 5,000, maganin tsutsa da na kaska 3,500, ganin likita 2,000.

Lahadi, 12 ga Janairu

Neman wanda zai zauna da shi. Akwai Baba mai gadin kangon da ke jikin gidanmu, dattijo ne ɗan wajen Mani, ya yi kiwo da ƙuruciya. Na ce, "Baba, alfarma nake nema, ka riƙa kawo tabarmarka cikin gidana da safe." Ya saurari labarin ya girgiza kai ya ce, "Malam, ai ba mutuwa ake wa kuka ba, sabo ake yi wa. Wanga kare maigidansa yake nema." Muka yi 12,000 a wata, daga bakwai da rabi zuwa sha ɗaya. Daga nan almajirin da ke mana aike ya karɓa har mu dawo.

Yaron ya ɗan noƙe, ya ce kare najasa ne. Na je wajen malaminsu neman izini, shi ya warware masa da kansa. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki umarni ne da muke bi, kuma an halatta riƙe shi don dabbobi, gona da farauta. Ya tuna masa hadisin mutumin da ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Yaron ya ce ya yarda, amma ba zai taɓa shi ba. Na ce zamanka kawai ake so.

Mun gwada da la'asar. Na fita na bar shi da Baba. Ya yi ƙugi minti biyar, sannan ya je ya kwanta nesa kaɗan da tabarma. Na gode wa Allah, don da ni kaɗai yake nema, da aikin ya fi haka tsanani.

Asabar, 18 ga Janairu

Mako guda ina aiki da shi bayan la'asar, lokacin da yara ke Islamiyya, maman yara kuma takan shiga maƙwabta don gidan ya zama ba kowa da gaske. Kwana ukun farko ban ma fita ba. In sa hula in zauna in sha shayi. In ɗauki makulli in zagaya in ajiye. In tura mashin bakin get in dawo da shi rumfa. Sau goma, sau ashirin, har ya gaji da miƙewa.

Ran Alhamis na fara fita: daƙiƙa (sakan) biyar, goma, uku, goma sha biyar. Ina haɗa waya biyu da kiran bidiyo na WhatsApp, ɗaya a taga ɗaya a hannuna, don in ga fuskarsa daga waje. Alamominsa na haddace su: lasar leɓe, hamma ba ta barci ba, kunnuwa su kwanta baya, sai ya miƙe. In na ga alama ta biyu sai in shigo, ba tare da na yi masa magana ba. Yau mun tsaya a daƙiƙa arba'in.

Laraba, 22 ga Janairu

Minti biyu da rabi. Data ta ƙare ana tsakiyar aiki, na shigo.

Asabar, 25 ga Janairu

Gaggawa ta ja mini. Jiya ya yi minti huɗu a kwance, sai yau na ce bari in je shago in sayo sukari, minti goma sha biyar. Tun daga kwana na jiyo kukansa. Da na sake gwadawa da yamma, daƙiƙa talatin ma ya kasa. Gobe zan huta da shi, jibi in koma daƙiƙa ashirin.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mun dawo minti biyar. Abu biyu na ƙara.

Na ga a intanet Turawa na amfani da wata roba mai rami, Kong, suna cusa abinci a ciki kare ya yi ta lasa. Na je kwata na samo ƙahon sa, na dafa shi na wanke tas, ina cusa tuwo da ɗan romon kayan ciki, wanda ba a sa albasa ba don tana yi wa kare illa a jini. Yakan ɗauke shi minti goma yana fama. Ƙahon ya zama mini ma'auni: in yana lasa hankalinsa a kwance yake, in ya sake shi ya kalli get, lokacin dawowa ya yi.

Na biyu rediyo. Kawu ba ya rabuwa da tasa, a kafaɗa take ko a gona. Na rataye ƙarama a rumfa ina kamo tashar da ake ta hira da Hausa. Amma ina kunna ta ko muna gida, kada ta zama wata sabuwar alamar fita kamar hula. Haka ƙahon ma. A ganina su biyun taimako ne kawai, ba su suke aikin ba. Ranar da na yi gaggawar nan, da rediyo da ƙaho ba abin da za su hana.

Na kuma fara fita da shi bayan sallar asuba, rabin awa ta cikin gonaki. Kare ne da ya saba yini a daji, zaman katanga kaɗai ma azaba ce a gare shi.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Minti goma sha biyu. Har na tayar da mashin na zagaya layi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Jiya ce rana mafi muni tun da muka fara. Baba ya kwana da zazzaɓi, bai samu wanda zai aiko ba, ni kuma na fita da sauri ina zaton yana tafe. Yaron ma malaminsu ya aike shi cikin gari. Duna ya yi kusan awa shida shi kaɗai.

Maman yara ce ta riga ni dawowa, ta kira ni muryarta na rawa. Ya koma ramin da na cike da ƙasa ya sake tonawa, ya cusa ƙafar gaba ƙarƙashin get, bakin ƙarfen ya yanke shi tsakanin yatsu har sama. Jini a ƙasa, jini a bango, sawunsa ja daga get zuwa ƙofar falo ya fi a ƙirga. Na naɗe ƙafar da tsohon rawani na sa shi a Keke Napep. Ɗinki biyar, allurai da magani, 14,000. Wani a bakin kemis ya ce in ba shi farasitamol da ƙwayar barci in huta. Likita ya ce kada in kuskura, magungunan ciwon jiki na mutane suna iya lalata hantar kare ko ƙodarsa, ƙwayar barci kuma ba ta koya masa komai.

Da dare maƙwabcina ya zo, wannan karon ba da fara'a ba. Ya ce, "Malam, haƙƙin maƙwabtaka fa? Tsohuwa ba ta runtsa ba." Gaskiyarsa ce, ban yi musu ba. Ya ce ya san mai saye. Na shiga gida na zauna shiru, har na fara lissafin ko mayar da shi ƙauye zan yi, alhali na san inda zai ƙare. Maman yara ta ce, "Abban yara, amanar Inna ce. Ka duba littafinka, daga daƙiƙa biyar ya kai minti goma sha biyu. Laifin tsarinmu ne da ya rataya a kan mutum ɗaya."

Yau na koma wajen maƙwabcin na roƙi wata biyu. Na ba shi lambata, na ce ko sau ɗaya ya ji kuka ya kira ni, zan baro duk abin da nake yi. Na saya wa Baba kati a wayarsa, kuma daga yau ba na tayar da mashin sai na ga tabarmarsa a shimfiɗe.

Likita ya kawo maganar magani. Ya ce akwai guda biyu da aka amince da su a Amurka don wannan matsala ta karnuka, fluoxetine da clomipramine. Ba sa sa maye, tsoron suke ragewa don koyo ya shiga, kuma sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsu. Ya auna shi, kilo 19, ya rubuta na farkon, 6,000 na wata. Ya ja kunnena kada in ƙara, kada in tsayar rana ɗaya ba da saninsa ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Magini ya zuba kankare a ƙarƙashin get: siminti buhu ɗaya 9,800, yashi da aiki 8,000. Mai walda ya lanƙwasa bakin ƙarfen ya bi shi da bututu, 11,000. Tun watan jiya ya kamata in yi wannan.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An cire ɗinki. Maganin ya rage masa ci, yana yawan kwanciya, likita ya ce haka yakan yi a farko. Mun koma minti ɗaya. Hula ta sake tayar masa da hankali, na koma sa ta ina shan shayi.

Asabar, 1 ga Maris

Yau aka tashi da azumi. Na mayar da horon bayan asuba, don da la'asar ba ni da ƙarfi. Lokacin tarawihi maman yara tana yin tata a gida. Ci ya dawo. Minti tara.

Talata, 11 ga Maris

Minti ashirin da biyu da safe. Da dare kuma yaran layi suka zo tashe da gwangwanaye a bakin get, daidai lokacin da nake gwada fitar dare ta farko. Ina tsaye bayan kango ina kallon waya, gabana na faɗuwa. Ya taso ya yi musu haushi sosai, haushin gadi mai kauri, ba kukan nan ba. Na ba yaran sadakarsu suka wuce. Ya shinshina ƙasan get, ya tsaya jim, ya koma kan buhunsa ya ɗauki ƙaho. Na daɗe ina kallon wayar kafin in shiga. Karen da mai tallan ruwa ya wuce bai kula ba, yau ya tsare gida kuma ya kwantar da kansa da kansa.

Alhamis, 20 ga Maris

Minti arba'in. Daga minti goma sha biyar zuwa talatin ne muka fi shan wuya, kwana takwas muna hawa muna sauka. Da ya wuce nan sai na ga ina iya ƙara biyar-biyar ba matsala. A bidiyo yanzu yakan yi barci na gaske, a kan gefe, ƙafafu a miƙe.

Zafi ya shigo. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi, don haka yanzu sai na lura sosai in bambance hakin rana da na tsoro. Na tsoro yana zuwa da kai da komo da kallon get. Na ƙara masa rumfar zana ta gefen arewa, 7,000, na binne kaskon ruwa rabi a ƙasa don kada ya yi zafi ko ya kife.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya Sallah. Muka tafi idi gaba ɗaya, awa ɗaya da minti arba'in, ba Baba ba yaro. Mako guda na yi ina shirya wannan fitar, har da sa manyan kaya da turare in zauna, don babbar riga ma sabuwar alama ce a wajensa. Da muka dawo yana kwance a rumfa, ya taso yana miƙa yana kaɗa bindi, ƙirjinsa a bushe. Na kai wa maƙwabcina tuwon Sallah, ya ce tsohuwa ta tambaya ko mun sayar da karen ne, don ta kwana biyu ba ta ji shi ba. Na kira Inna na faɗa mata, ta yi ta sa albarka.

Asabar, 12 ga Afrilu

Awa uku da kwata ranar Alhamis, shi ne mafi tsawo. Ran Talata kuwa ya yi ƙugi a minti na hamsin, iska ce ta buga get, amma ya kwanta bayan minti biyu.

Abin da na kashe zuwa yau, har da kuɗin Baba na wata uku da magani na wata biyu, 108,300, ban da abincinsa da ɗan abin da nake ba yaron. Ya kusa kuɗin ƙaramin rago, kuma ban yi da-na-sani ba.

Abin da ke gaba: in an koma makaranta Baba zai riƙa zuwa ƙarfe goma maimakon bakwai da rabi, bayan mako biyu in mayar sha ɗaya, kuɗinsa kuma ba zan rage ba sai zangon ya ƙare. Magani zai ci gaba, likita ya ce sai ya yi wata biyu a daidai sannan a fara ragewa a hankali. Damina na tafe, ban taɓa ganin yadda yake yi da tsawa ba, don haka ruwan farko ina so ya same ni a gida. Sannan akwai Babbar Sallah a watan Yuni, ranar da ragunan nan huɗu za su bar gidan. A bidiyon makon nan na lura ya koma kwanciya jikin turken babban cikinsu, saboda haka zan sayo tunkiya biyu tun kafin lokacin, su saba. Litinin zan gwada awa huɗu.